Shekarar da Na Hana Ku Ruwan Rijiyar Gidanmu

Na san abin da aka faɗa muku game da tashinmu daga Gashuwa, domin Gwaggonku Lami, Allah ya ji ƙanta, ba ta iya magana a ɓoye ba. Ta ce muku boko ne ya hau mini kai, na je na karanto tarihin Turawa a kwamfuta na dawo na raina gidan ubana. Akwai gaskiya a ciki, don ba don wannan karatun ba da wataƙila har yau muna zaune a unguwarmu ta bayan kasuwa. Sauran maganar da ba ta faɗa muku ba ita nake so in rubuta yanzu da idona ke gani, ku karanta ku auna da kanku. Ke Hadiza abin ya fi shafa, ko da yake kina ƙanƙanuwa aka yi shi.

A lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandaren gwamnati, ni da allo da alli da ɗalibai masu gyangyaɗi. Wani abokina da muka yi makaranta tare, Isa, Allah ya kai shi Amurka yana koyarwa a wata ƙaramar kwaleji. Shi ya samo mini gurbi a wani kwas da suke yi ta intanet, a kan farkon tarihin ƙasarsu, tun daga saukar Turawa a gaɓar teku har zuwa samun 'yancin kai. Ya ce in na yi shi da kyau zai iya buɗe mini hanyar ƙaro karatu. Na yi murna ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Da na faɗa wa kakanku, Baba, yana zaune a shagonsa cikin ƙamshin busasshen kifi, sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Ka gama da tarihin Haɗeja ke nan, Adamu, har za ka tsallaka teku?"

Dariya muka yi. A lokacin haka muke da shi, ya tsokane ni in rama da ladabi.

Akwai kafe na intanet guda a Gashuwa, amma injinsa ya fi kwana a kwance fiye da a tsaye, saboda haka kowace Asabar sai in shiga motar haya in tafi Nguru. Ku da kuka tashi da waya a hannu ba za ku gane ba. Sai in danna shafi, in fita in yi alwala, in gaisa da mai shayi, in dawo in tarar rabinsa ne ya buɗe. Janareta na ruri a bayan ɗaki, fanka na juya iska mai zafi. Abin da ya samu in sa a buga mini a takarda, in naɗe in kawo gida in karanta cikin mako. Abokan karatuna yara ne 'yan can, sa'o'in ɗalibaina, kullum suna kukan karatu ya yi musu yawa. Wani a cikinsu ya tambaye ni ko a kan raƙumi nake zuwa kafe. Na ce masa da raƙumin ne da na fi saurin isa.

Yanzu sai in gaya muku yadda rijiyar take a wurinmu, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane Baba ba. Kakana Malam Sule ya zo daga Haɗeja da fataucin kifi da kanwa, ya kafa gidan, ya haƙa rijiya a jikin katanga, ya fasa mata ƙofa ta waje don kowa ya ɗiba ba sai ya yi sallama ba. Ya ce sadaka ce. Na tashi na tarar duk wanda ya ja guga, Bahaushe ne, Babade ne, Babarbare ne, ko Bafulatanar da ta kawo nono, sai ya ce Allah ya ji ƙan Malam Sule. Baba da hannunsa yake canja igiya, shi yake tsayawa a kan masu yasar rijiyar kowace shekara kafin damina. Ruwan yana da sanyi da daɗi, ban taɓa shan irinsa a ko'ina ba, kuma har yau in na ce ruwa, shi nake ji a bakina.

A shekarun nan ne ciwon ƙoda ya zauna a garin. Mutum ya tashi da safe fuska a kumbure, a ce barci ne. Sai ƙafa ta biyo, sai amai, sai fitsari ya ɗauke. Bai zaɓi kowa ba, masunta da manoman shinkafa da malamai da 'yan kasuwa duk ya shiga gidajensu. Wasu su ce maganin feshi ne, wasu su ce ƙwayoyin ciwon jiki da ake haɗiya kamar gyaɗa, wasu su ce zafin rana, wasu su ce ruwa, wasu su ce asiri. Babu wanda ya sani. Muna dawowa daga wata jana'iza ana sanar da wata. A gidanmu kuwa ya kama Yaya Garba, babban wana, wanda yake riƙe da shago tare da Baba. Mutum ne ƙaƙƙarfa da yake ɗaga buhun kanwa shi kaɗai, sai ga shi takalminsa ba ya shiga ƙafarsa. A kai shi Maiduguri wankin ƙoda, ya dawo ya saɓe, a yi 'yan kwanaki ya sake cika.

Ana cikin haka darasin ya zo. Labarin mutanen Ingila ne na farko da suka sauka a bakin wani kogi a yankin da ake kira Virginia. Sun zaɓi wurin ne don tsoron jiragen abokan gaba, ba su lura fadama ce ba. In zafi ya yi kogin ya ja baya, gishirin teku ya hauro cikinsa, ƙazantarsu kuma ba ta wucewa, nan take tsayawa. Daga nan suke sha. Suka yi ta mutuwa, wasu da gudawa, wasu da zazzaɓi, wasu da kumburi. Jirgi ya kawo sababbi, su ma su sha su bi sahu. Suka zargi lalaci, suka zargi mutanen da suka tarar a ƙasar, suka zargi zunubansu. Ina karanta wannan a gindin darbejiyar tsakar gida da hantsi, Yaya Garba yana zaune a tabarma ya miƙe ƙafafunsa suna sheƙi, mahaifiyarku Asabe kuma ta tsoma moɗa a randa tana bai wa ɗanmu Usman. Mutuwar Turawan ba ita ta kama ni ba, mun ga mutuwa. Abin da ya kama ni shi ne sun ci gaba da sha, saboda shi ne ruwan da ke gabansu. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Asabar ta gaba na rubuta wa malamar kwas ɗin, na kwatanta mata garinmu. Ta amsa da mutunci. Ta ce ita malamar tarihi ce ba likita ba, kuma ruwan gishirin can daban, ruwan rijiyarmu daban, kada in haɗa su. Abin da ya kamata shi ne a gwada ruwan. Na cika kwalba na kai wa wani masani a ɗakin gwajin asibiti a Nguru. Ya ce na'urarsu ƙwayoyin cuta kawai take gani, irin abin da zai ci ƙoda a hankali kuwa sai an kai nesa, kuma shi ma bai san inda za a kai ba. Saboda haka ku ji da kyau: ban sani ba a lokacin, kuma har yau ban sani ba ko rijiyar tana da laifi. Abin da na sani shi ne, a cikin mutanen da nake gaisawa da su a Nguru ba a cika jin wannan ciwon ba kamar a unguwarmu.

Na gaya wa Asabe abin da na yanke. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Malam, ka san abin da kake shirin tonowa?"

"Na sani. Amma ba zan iya kallonsu suna sha ba."

"To. In Baba ya tambaya, kai za ka amsa, ba ni ba."

Daga nan duk Asabar in dawo da takardu a hammata da jarkoki a bayan mota, in shigar da su ɗakinmu a lulluɓe da buhu. Ni da Asabe muka ci gaba da shan na rijiya, ku kaɗai ake bai wa na jarka. A babban gida irin namu ba a ɓoye komai. Lami ce ta gani, kuma kafin la'asar magana ta kai zaure. Baba ya aika a kira ni. Na same shi shi kaɗai a kan buzu, carbi a hannu.

"Adamu, an ce safarar ruwa kake yi mana daga Nguru."

"Na yara ne, Baba."

"Rijiyar ta ƙafe ne?"

Na durƙusa na yi masa bayani tun daga Turawan har zuwa kwalbar da na kai asibiti. Ya saurara bai katse ni ba, don shi ba mai katse magana ba ne.

"Likita ne ya ce rijiyar ce?"

"A'a, Baba."

"Turawan naka daga nan suka sha?"

"A'a."

"Ashe zato ne."

"Zato ne, Baba."

"A kan zato za ka ce sadakar ubana ce take kashe ɗana."

"Ban faɗi haka ba."

"Jarkarka ta faɗa." Ya ajiye carbin. "Mutumin nan yana kwance a kabari, ba shi da shago ba shi da gona. Abin da yake isa gare shi kullum shi ne ladar gugan nan. In mutane suka daina ɗiba, me ka bar masa? Na sha ruwan nan tun ina rarrafe, ga ni zaune. Ka zubar da jarkokin, mu manta."

Na ce masa duk abin da ya umurce ni zan yi ban da wannan. Ban taɓa ce wa Baba a'a ba sai ranar, kuma na ga yadda kalmar ta shige shi.

Abin da ya ji tsoro shi ya faru, kuma da sauri. Unguwa ta ji cewa ɗan gidan ma, malamin makaranta mai karatu da Turawa, ya hana 'ya'yansa. Kafin magana ta zagaya kasuwa ta zama wai Amurkawa sun gwada ruwan sun ce guba ne. Layin da ake yi da safe a ƙofar rijiya ya ragu, ya ragu, har ya zama sai mai wanki da mai ban ruwan awaki. Mutanen da suka yi shekaru suna yi wa Malam Sule addu'a suka koma wucewa ta ɗaya gefen titi. Wata rana maƙwabciyarmu Ya Fanna, wata dattijuwa Babarbariya da ɗanta Modu ya rasu da wannan ciwon shekara guda kafin nan, ta zo ta tsaya a ƙofar zaure. Ba ta zauna ba. Ba Baba ta kalla ba, ni ta kalla.

"Malam, tun yaushe ka sani?"

"Wallahi ban sani ba, Ya Fanna. Tsoro ne kawai."

"Ba ka sani ba, amma ka hana naka. Namu fa? Ina da jikoki a gida. Su sha ko kada su sha?"

In na ce su sha, ƙarya nake a kan abin da ke zuciyata. In na ce kada su sha, na binne kakana a karo na biyu a gaban ɗansa. Ina cikin wannan tunanin ta juya ta tafi, Baba kuwa ya tashi ya shige ciki ya bar takalminsa a zaure.

Ga wani abu da babu wanda ya sani sai ni da mahaifiyarku. Ana saura 'yan makonni ya rasu, Yaya Garba ya kira ni ɗakinsa. Numfashinsa ya yi nauyi, amma tsokanarsa tana nan.

"Baturen gidanmu, zauna. Ni dai an raba ni da rigimarku, ruwan ma likita ya ƙayyade mini." Ya huta kaɗan. "Ka nemi canjin wurin aiki, ka kwashe yaran nan ka tafi. Ban ce rijiya ce ba. Amma da ina da inda zan kai nawa da na kai su. Kada ka gaya wa Baba ni na ce. Bari ya riƙe ɗa guda da bai saɓa masa ba."

Na riƙe masa wannan amanar har Baba ya bar duniya. Sau da yawa, in Lami tana yanka mini magana a tsakar gida, maganar takan zo mini har baki in haɗiye ta.

Ranar da Yaya Garba ya rasu, Baba bai bar kowa ya ja ruwan wankan gawa ba. Tsoho ne, amma ya tsaya ya ja guga bayan guga a gaban duk mutanen da suka taru, don su gani. Na matsa in karɓi igiyar, ya kauce. Bayan sadakar arba'in canjin aikina zuwa Nguru ya fito. Muka ɗaure kaya a kan mota, na je na durƙusa a gabansa ina jiran abin da kowane ɗa yake jira. Duk tafiyar da na taɓa yi, ko ta kwana ɗaya ce, sai ya dafa kaina ya ce Allah ya yi maka albarka. Ranar hannunsa bai motsa ba.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce, irin yadda yake ce wa direbobin da suka sauke masa kaya.

A Nguru kafe ya zama tafiyar ƙafa daga gidan da muka kama. Na ƙarasa kwas ɗin, na karanta noman taba da cinikin bayi da yaƙin neman 'yanci, na rubuta abin da aka ce in rubuta, na ci. Isa ya yi ta murna yana maganar mataki na gaba. Ni kuwa karatun ya fita daga raina, ban sake neman wani ba. Nakan je Gashuwa ni kaɗai in gaida Baba, ya amsa a taƙaice, ya tambayi lafiyar iyali kamar yana tambayar iyalin wani. Kullum da safe yana jan ruwa ya cika randa a ƙofar gida don masu wucewa, da yamma ya zubar da shi a gindin bishiya kusan yadda ya zuba shi. A cikin 'ya'yan Yaya Garba da suka ci gaba da sha, ɗaya ya kamu daga baya, sauran lafiyarsu lau. A Nguru ma na yi jana'izar masu ciwon ƙoda da ba su taɓa ganin rijiyarmu ba. Ku ɗora wannan a kan ma'auni duk inda kuka ga dama, ni na kasa.

Bayan wasu shekaru aka aiko Baba yana kwance. Tsufa ne kawai, ƙafarsa ba ta taɓa kumbura ba, wannan ma ku rubuta shi a ɓangarensa. Saƙon ya ce in zo da yara. Usman yana makarantar kwana, sai na tafi da ke, Hadiza, lokacin kin fara firamare. Muka isa da rana tsaka cikin zafin bazara, mota ta lalace da mu a hanya, leɓunanki sun bushe. Muka same shi a kan gado ya rame, Lami tana masa fifita. Ya daɗe yana kallonki, ya ce kin ɗauko goshin mahaifiyarsa. Na durƙusa na ce, Baba ka yafe mini. Sai ya ce wa Lami ta jawo sabon ruwa. Ta kawo a moɗa, ta tallafi kansa ya kurɓa, sannan ya miƙo mini da hannunsa.

Na karɓa na sha sosai. Sanyinsa na nan, daɗinsa na nan, hawaye suka zubo mini. Na ga fuskarsa ta saki, hannunsa ya taso daga kan bargo ya nufo kaina.

"Ba ta," ya ce. "Yarinya na jin ƙishirwa."

Kika miƙo hannu biyu. Ni kuwa na riƙe moɗar a ƙirjina.

"Baba, ni na sha. In ka ce in dawo in sha shi kullum har in mutu, zan yi. Amma ban da ita."

Lami ta daina fifita. Hannun nan ya tsaya a iska kaɗan, sannan ya koma kan bargo. Baba ya juya fuskarsa ga bango.

"Lami," ya ce, "a ba baƙi abinci kafin su kama hanya."

Ita ce maganarsa ta ƙarshe da na ji. Ya rasu a cikin makon, bai sa mini albarka ba, kuma babu ranar da take fitowa ban ji zafin wannan ba. Wataƙila ruwan nan ba shi da laifin komai, wataƙila na ɓata wa tsoho ƙarshen rayuwarsa a banza, Allah ne ya sani kuma shi zai tambaye ni. Amma na zauna da zuciyata shekara da shekaru, Hadiza, na juya ranar nan ta kowace fuska, ban ga yadda za a yi in sakar miki moɗar ba.